Tafarnuwar Baba Silba

Haladu ya cusa yatsa cikin ƙasar, ya lalubo, ya zaro. Abin da ya fito ba tsiro ba ne. Wani ɗan abu ne mai laushi kamar kitsen da ya kwana. Ya matsa, ya fashe, wari ya bugi hancinsa. Ya tona na biyu. Haka. Na uku, haka. Ya bi layin a durƙushe har jikin katanga, gwiwoyinsa na ƙara, bai samu ko ɗaya mai rai ba.

Hassana matarsa tana bakin madafa da ludayi a hannu.

"Malam, sun fito?"

"Koma kan tukunyarki."

"Ai warin ya riga ni isa tukunyar."

Shekara talatin da ɗaya Haladu ya yi yana tuƙa babbar motar roka daga tashar Laranto zuwa Fatakwal, ya sauke dankali ya ɗauko manja. Bai taɓa jefa mota a rami ba. Bai kuma taɓa shuka ko barkono ba.

Tafarnuwar ba tasa ba ce. Ta maƙwabcinsa ce, Sylvester, wanda duk Dutse Uku ke kira Baba Silba. Birom ne, ya yi aikin kuza da ƙuruciya, daga baya ya kafa lambu a bakin wani tsohon kududdufin haƙar kuza. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Haladu shekara kusan talatin. Bayan rikicin Jos na 2001, da mutane suka yi ta kwashe kaya kowa na neman inda nasa suke, Silba ya ce ba inda za shi. Haladu ya ce ko ya tafi shi zai je ya dawo da shi. Ba su sake tayar da maganar ba.

Bana mai filin lambun ya sayar, aka jera bulo a inda kabeji yake. Ƙafafun Silba kuma suka kumbura. Tsakar gidansa siminti ne. Da ruwan sama ya ɗauke, ya ciro wani ɗauri daga ƙusar da ke barandarsa ya miƙo wa Haladu ta saman katanga. Dunƙulen tafarnuwa ashirin ne, ƙanana, ɓawonsu ja-ja.

"Iri ne wannan, oga direba. Tun kafin a haifi Firisila nake riƙe da shi. In bai shiga ƙasa bana ba, ya ƙare, ba ya shekara biyu a rataye. Kana da ƙasa a bayan gida inda kake ajiye mota da. Zo gobe in nuna maka."

"Ka nuna mini me? Rami ne da ruwa."

Bai je ba. Ya ɗauki goma sha ɗaya ya rarraba su sala-sala. Ya dubi ɓawon, ya ce wannan ai shi zai hana tsiro fita. Ya zauna da wuƙar aljihu ya ɓare kowace sala tas, ya wanke su a roba kamar yadda yake wanke noti da fetur kafin ya ɗaura. Ya binne. Ruwa safe da yamma, kwana goma sha biyu. Ga sakamakon nan a yatsunsa.

Ya wanke hannu ya sa hula ya nufi kasuwar Laranto. Niyyarsa ya sayo wata ya cike gurbi, kowa ya yi shiru. Ya bi teburan masu kayan miya ɗaya bayan ɗaya. Duk farare ne manya-manya a cikin raga. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, kamar ya shinshina auduga.

"Ja nake so. Ƙarama."

"Baba, wannan ake yayi yanzu. Ba ta wahalar ɓarewa."

Ya ajiye. Makaho ma ba za a ruɗe shi da wannan ba, balle Silba.

Da la'asar ya yi sallama a gidan maƙwabcin. Firisila, 'yar Silba, malamar firamare a Anguwan Rukuba, ita ta ɗaga labule.

"Sannu da zuwa, Baba Haladu. Yana ciki."

Silba na kan kujera, an ɗora ƙafafunsa a kan kwali. Haladu bai zauna ba.

"Sun ruɓe."

"Nawa?"

"Sha ɗaya."

Silba ya dube shi. "Me ka yi mishi?"

Haladu ya faɗa. Da ya zo wurin ɓarewar da wankin, Silba ya soma dariya, dariyar ta koma tari, Firisila ta zo da kofi a guje. Ya ture kofin.

"Ka tuɓe mishi riga. A sanyin Jos ka tuɓe mishi riga, ka yi mishi wanka, ka kwantar da shi a laka. Ko kai aka yi wa haka za ka tashi?"

"Ban zo wasa ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Shekara talatin ka dafa a ƙasa, ko miya ba a sha ba. Zauna, oga. Yau kai ne ƙaramin yaron mota."

Ya zauna. Abin ya yi masa ciwo, amma ya zauna. Silba ya sa aka ɗauko masa sala ɗaya daga madafa, ya riƙe ta tsakanin yatsu biyu.

"Da rigan shi. Gindi ƙasa, tsini sama. Zurfin gaɓa biyu na yatsa. Tsakanin wannan da wannan, faɗin tafin hannu. Manyan kawai za ka shuka, ƙananan na tsakiya ka ba Hajiya Hassana. Ka ɗaga ƙasan sama, kar ruwa ya kwanta. Kashin kaji wanda ya bushe, ba ɗanye ba. Ruwa bayan kwana uku. Ka ji, ko in sa Firisila ta rubuta?"

"Ta rubuta wa zai karanta? Na ji."

Dunƙule tara suka rage. Ya ɗaga kunya huɗu a bayan gida. Ƙasar cike take da tsakuwa da baƙin mai na shekaru, sai da ya kankare ta ya zubar, ya yi jigilar wata da baro daga bakin rafi. Bayansa ya riƙe kwana biyu. Ya shuka sala saba'in da 'yan kai, kowace da rigarta.

Rana ta takwas wani ɗan koren tsini ya huda ƙasa. Bai gaya wa Hassana ba. Ya tsaya a kansa har rana ta ɗaga.

Daga nan wahala ta soma. Kajin unguwa suka gano takin, suka tone kunya guda. Ya kewaye wurin da tsohuwar ragar sauro da ƙarafunan roka. Famfo ya yi wata bai kawo ruwa ba, ya koma jan guga. Ciyawa ta fi tafarnuwar saurin girma, kuma da fari bai iya bambanta su ba, ya cire biyu da hannunsa. Ana saura kwana uku Babbar Salla ragon layya ya tsinke igiya ya aske layi ɗaya har ƙasa. Haladu ya ɗauko wuƙa tun ranar ba ta zo ba, sai da Hassana ta shiga tsakani. Ganyen ya sake tofowa. Ragon ya yi ta hucin tafarnuwa har aka kwantar da shi.

Duk wannan bai dame shi kamar abu ɗaya ba: ba ya ganin komai. Mota in tana da damuwa ka buɗe bonet. Wannan kuwa ganye ne kawai tsaye, siriri kamar na albasar da ta ji yunwa, abin da ake nema yana ƙasa, an hana ka dubawa.

Kullum bayan la'asar yakan tsinki bakin ganye ɗaya ya kai wa Silba. Silba ya murza, ya kai hanci.

"Yana nan."

"Yana nan yana me? Wata uku."

"Yana aikin shi. Kai da ka je Fatakwal kwana ɗaya kake yi?"

"Ina ganin hanya ai."

Da farko a baranda yake samunsa. Daga baya a falo. Daga baya a gado. Cikin Fabrairu aka kai shi asibiti ya yi kwana tara. Ranar da aka dawo da shi Firisila ta tsaya a bakin ƙofar Haladu tana murza gefen zaninta.

"Likita ya ce mu kawo shi gida ya huta."

Haladu ya san ma'anar wannan. Ya yi ta'aziyya da yawa a rayuwarsa.

A makon ne ganyen ya soma canzawa. Bakinsa ya yi rawaya, na ƙasa suka kwanta suka bushe. Haladu ya dubi kunyoyin. Ya kashe sha ɗaya, yanzu sauran za su bi. Ya watsar da lissafin kwana uku. Bokiti huɗu da safe, huɗu da yamma. Rawayar ta ci gaba da hawa. Ya ƙara taki. Ta ci gaba.

"Malam, ka tambaye shi mana," in ji Hassana.

"Mutum na fama da ransa in je masa da wannan?"

"To me kake kai masa da la'asar?"

Ba ya kai komai. Kwana biyar yana shiga hannu wofi, ya ce lafiya lau suke. Ƙarya kuwa ba halinsa ba ce. Abu ɗaya yake so: ya sa dunƙule cikakke a tafin Silba tun yana iya rufe hannu a kai. Silba ya gani cewa irin bai mutu a hannun direba ba.

Rana ta shida ya zaɓi mai kauri duka, ya kama wuyanta ya fizge. Ta fito da laka. Ya goge ta da bakin riga, ya zagaya.

Ɗakin na warin man zafi. Firisila na zaune a bakin gado da kwanon gwate, cokali a tsaye a bakin mahaifinta, shi kuwa ya juya fuska bango.

"Baba Haladu, ka yi mishi magana. Tun jiya ko cokali uku bai sha ba."

"Silba. Buɗe hannunka."

Ya juyo a hankali. Fuskar ta zube, ido ya faɗa. Haladu ya sa masa dunƙulen a tafi. Silba bai ko duba ba. Babban yatsansa ya bi jikinta, ya danna, ya zagaya wuyan, ya sake dannawa.

"Wa ya ce ka cire?"

"Ba wanda ya ce."

"'Ya'yan ba su gama rabuwa ba. Riga bai yi ƙarfi ba. Ka kashe ɗaya." Ya numfasa. "Kuma a jiƙe yake. Nawa kake zubawa?"

"Suna mutuwa ne. Ganye duk ya yi rawaya."

"Nawa?"

"Takwas. A rana."

Silba ya rufe ido. Haladu ya zaci ya yi barci.

"Ba mutuwa yake ba. Yana kwashe kayan shi daga sama yana kaiwa ƙasa. Ruwa yanzu shi zai ruɓar da shi. Daina. Ko ɗigo. Sati uku, sai ganye biyar ya rage kore a sama, ka tona da fartanya daga gefe. Kar ka ja."

"Me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Ka zo da ganye? Kwana biyar kana ce mini lafiya lau."

Haladu ya ji zafi ya hau masa har kunne. Ya dubi kwanon gwaten.

"Sati uku. To ci abinci ka kai sati ukun."

"Ba zan kai ba, oga."

"Za ka kai. Na yi wata huɗu ina jan guga da wannan bayan. Ba za ka bar ni da wahala ka zame ba. Firisila, ba shi."

Ta ɗaga cokalin. Silba ya tsuke baki.

"Kai dai," ya ce da ƙyar, "komai sai ka ɗura mishi."

"Taurin kai zai kashe ka."

"Ai ya riga ya gama."

Haladu ya tashi ya fita ko sallama babu. A bakin ƙofa ya waiga. Dunƙulen na nan a hannun Silba, ya rufe yatsu a kai, ganyen ya kwanta a kan bargo.

Da asuba bayan salla ƙafarsa ta kai shi rijiya da kanta. Ya ja guga ya cika bokiti ya kai bakin kunya. Ya tsaya. Ganyen a kwance, rawaya, kamar yana roƙo. Hannunsa na kan marikin bokitin. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗauka ya kai wa Hassana madafa ya dire, ruwa ya fallatsa.

"Ga ruwan wanke-wanke."

Ta dube shi, ta dubi bokitin.

Ranar bai shiga gidan Silba ba, fushi bai sauka ba. Washegari ya shiga, yana barci. Rana ta uku ma yana barci, 'yan cocinsu na zaune suna waƙa ƙasa-ƙasa, Haladu ya gaishe su daga ƙofa ya juya. Rana ta huɗu da hantsi yana gyara ragar da kaji suka yaga, ya ji muryar Firisila ta katanga. Ba ihu ta yi ba. Kiran sunan mahaifinta take yi, tana sakewa. Haladu ya ajiye filaya. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya zauna a kan bulo.

Maganarsu ta ƙarshe ke nan, taurin kai.

A ƙauyensu aka binne shi, bayan Bukuru. An ɗauko wata farar bas aka cire kujerun baya aka sa akwatin. Direban ya soma shiga ramuka tun daga bakin unguwa, akwatin na bugun ƙarfe. Haladu na gaba. Ya jure ɗaya, ya jure biyu.

"Tsaya."

"Baba, lokaci..."

"Sauka. Ba buhun dankali ka ɗauko ba."

Shekara shida rabonsa da sitiyari. Ya gyara madubi, ya sa giya. Ya bi hanyar nan yana kauce wa kowane rami, inda ba makawa ya shiga da taya ɗaya a hankali ya fita. Akwatin bai sake motsi ba har ƙauyen. A wurin binnewa ya tsaya can gefe ƙarƙashin wani mangwaro, hannu a baya, har aka gama.

Saura kwana goma. Ƙasar kunyoyin ta bushe ta tsage. Kullum yakan fito ya ƙirga koren ganye. Bakwai. Shida. Wata rana da yamma hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta tashi. Haladu ya fito da tsohon tamfol ɗin rokarsa ya tsaya da shi a bakin kunya yana duban sama, yana huci. Hadarin ya yi ta ruri, ya wuce bai zubar ba.

Ranar da sati uku ya cika ya ƙirga. Biyar. Ya ɗauko fartanya ya sara daga gefe, ya ɗaga ƙasar. Ta farko ta fito baƙa, laushi, warin nan da ya sani. Kunyar da ke gangare ce, inda ruwansa ya riƙa taruwa. Ta biyu haka. Ta uku haka. Kunyar duka ta tafi. Ya jefar da fartanyar ta bugi katanga. Ya tsaya yana numfashi. Ya je ya ɗauko ta.

Kunya ta biyu ya sara. Ya ɗaga. Wani ɗan dunƙule ya mirgino, bai kai ƙwan kaza ba. Ya goge ƙasar da babban yatsa. Ja-ja. Ya danna kamar yadda ya ga Silba ya yi. Tauri. Ya ji gaɓoɓin 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ɓawon, kowane ya ware da rigarsa.

Ya tona sauran a durƙushe. Arba'in da 'yan kai suka tsira. Ya shanya su a inuwa a kan buhu. Hassana ta zo ta sunkuya ta ɗauki ɗaya.

"Kai, wannan za ta yi miya."

"Ajiye. Iri ne."

"Ko ɗaya?"

"Ƙananan na tsakiya naki ne. Sai ruwa ya ɗauke."

Bayan kwana bakwai Firisila ta zo kwashe sauran kaya, za ta koma Anguwan Rukuba kusa da makarantarta. Haladu ya kira ta ya nuna mata buhun. Ta tsuguna ta ɗauki ɗaya ta kai hanci, ta daɗe ba ta sauke ba.

"Wadda ka kawo mishi, a hannun shi muka same shi. Na sa mishi a aljihun kwat."

Haladu ya kawar da kai ya dubi katanga.

"Ki ɗauki rabi."

"Ina zan shuka, Baba? Ɗaki ɗaya ne a bene. Ka riƙe."

"Zan kashe rabi kuma."

"To rabi zai rage."

Silba kitsa ganyen yake yi kamar gashin mace. Haladu ya gwada sau uku, yana warwarewa. Ya yi tsaki, ya ɗauko guntun igiyar lodi ya haɗa wuyansu ya yi ƙullin da yake ɗaure tamfol da shi. Gidansa ba inda inuwa da iska suka haɗu, sai barandar Silba. Firisila ta ce ƙusar tana nan, mai haya ba zai shigo ba sai bayan damina.

Ya zagaya. Ƙofar falon na kulle da kwaɗo. Kujerar na nan a baranda, kwalin da ake ɗora ƙafa na ƙarƙashinta. Ya hau kan bulo ya rataye ɗaurin, ya ja ya ji ƙusar ta riƙe. Ya sauko.

Bai zauna a kujerar ba. Ya zauna a dakalin gefenta, inda ya saba. Iska ta ɗan kaɗa ɗaurin, busasshen ganye na shafar bango. Wani ɗan jan ɓawo ya saki, ya sauko a hankali, ya sauka a kan hannun kujerar.